Tushiya Mafarin Dawa: Abin da Na Tono a Fadamar Kakannina

Masu bibiyar wannan fili za su yi mini afuwa, domin a wannan makon zan jingine maganar siyasa da tsadar rayuwa, in ɗauko wata magana ta cikin gida wadda na daɗe ina juya ta a zuci. Magana ce ta asali. Da yawa daga cikinmu, musamman mu da boko ya kwaso daga ƙauye ya zube a birni, idan aka ce mu lissafa kakanninmu, da ƙyar muke wuce na uku. Daga nan sai mu kama labarin da muka gada: ko dai daga Barno aka zo, ko daga Malle, ko kuwa daga Gabas. Ni ma a kan haka na taso. Tun ina yaro ake gaya mini cewa kakan mahaifina malami ne Babarbare, wanda ya zo da gafakarsa da almajiransa ya sauka a ƙasar Rano. Sai da na haura shekara hamsin kafin wani abu ya sa na tambayi kaina ko labarin ya cika.

Ƙauyenmu ƙarami ne, yana kwance a bakin wata fadama tsakanin Rano da Kibiya. Ba zan ambaci sunansa ba, saboda labarin ba nawa ba ne ni kaɗai. Shekara biyu da suka wuce baffana ya rasu, muka je zaman makoki. A rana ta uku, da hantsi, sai ga wani dattijo ya iso a ƙafa, ƙafafunsa duk laka. Ya gaida jama'a, ya yi ta'aziyya, ya koma gefen tabarma ya zauna. Da aka ɗaga hannu ana addu'a, na lura shi kansa kawai ya sunkuyar. Ba a jima ba sai ga yarinya ta fito ta ce Gwaggo na kiransa. Gidanmu gida ne da baƙon namiji ba ya wuce zaure, amma dattijon nan ya kutsa kai har tsakar gida ba tare da kowa ya ce uffan ba. Ina jin muryar Gwaggo daga ciki tana cewa, "Sannu da zuwa, ƙanena." Da na tambayi na kusa da ni ko wane ne, sai ya ce, "Bamaguje ne, maƙwabcin gona," ya kawar da kai. Wannan kawar da kai shi ya hana ni barci.

Da yake ɗan boko ne ni, takarda na fara nema. Na je Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hukumar Tarihi da Al'adu take, daga baya na yi tattaki zuwa Kaduna, na yi kwanaki tsakanin Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa. Duk wanda bai taɓa shiga irin waɗannan wurare ba, ina ba shi shawara ya shiga. Akwai rahotannin da Turawan mulki suka rubuta a kan gundumomin Lardin Kano bayan sun ci birnin a 1903, galibi domin yanka haraji. A ciki za ka ga sunayen garuruwa, da na hakimai da dagatai, da adadin magidanta da dabbobi, da irin abin da ake nomawa, da ranakun kasuwanni. Za ka ji labarin malaman taki, waɗanda suke auna gona da takun ƙafa domin a san abin da mai ita zai biya. Amma talaka ba shi da suna a cikin waɗannan takardu, adadi ne kawai. Baturen da ya ƙidaya kakana bai damu da sanin wanda ya haife shi ba, abin da ya dame shi shi ne sule nawa zai fito daga gidansa. Na kuma bi sawun wasu tsofaffin littattafan haraji da na shari'ar gado a wani ofishi, na tarar gara da yoyon rufi sun riga ni.

A nan ne na tuna wani abokin karatuna Bature, wanda danginsa suka fito daga wani ƙaramin ƙauye a yankin fadamun gabashin Ingila. Ya taɓa nuna mini jerin kakanninsa har wajen goma sha biyu. Sirrin ba wani abu ba ne: tun shekarar 1538 aka wajabta wa kowace coci a Ingila ta riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne, sannan daga 1841 ƙidayar jama'arsu ta fara ɗaukar sunan kowane mutum a kowane gida. Mu kuwa dokar da ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa rajistar haihuwa da mutuwa ta tilas sai a 1992 aka yi ta, har gobe kuma akwai yaran karkara da ba a rubuta su ba. Shi ya sa idan ka duba katin ɗan ƙasa na dattawanmu, sai ka rantse rabinsu ranar 1 ga Janairu aka haife su.

Ga kuma halin fadama ita kanta. Ƙasa ce mai albarka, mai ba da rake da shinkafa da gwaza da albasa, har ma a zamanin sarakunan da ana karɓar kuɗin rafi a kan masu noman ta, ban da kuɗin ƙasa. Sai dai fadama ba ta ajiye shaida. Gidan ƙasa idan aka bar shi damina uku, ya narke ya koma gona. Kabarinmu ba a rubuta suna a kansa, idan ruwa ya bi ta kai sau biyu, sai dai a nuna maka wurin da baki. Ƙauyenmu kansa sau biyu yana tashi yana hawa tudu saboda ambaliya, a cewar manya. Mu namu ma da sauƙi. Waɗanda suke zaune a kwarin Kogin Kano lokacin da gwamnatin Audu Bako ta gina Madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, kufansu da maƙabartunsu da itatuwan da suke gane iyaka da su duk suna ƙarƙashin ruwa a yau. Jikansu da ya tashi neman tushe, ba shi da ko kufan da zai tsaya a kai.

Da takardar Bature ta gaza, sai na koma ga ta malam. Na je na faɗi gaban dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, asalin gidanmu nake bi." Ya yi murmushi ya haɗa ni da liman, wanda a hannunsa ragowar littattafan tsohon malamin nan suke. Liman ya kwance wata gafaka da fatarta ta yi baƙi, ya fito da wani littafin fiƙihu rubutun hannu. A shafin ƙarshe marubucin ya sa sunansa da na mahaifinsa, ya kuma danganta kansa da Barno. Raina ya yi fari, na ce ga shaida ta fito. Amma a tsakiyar littafin akwai wata 'yar takarda da aka rubuta haihuwar 'ya'yan gidan da ajami, kowanne da rana da wata, babu shekara. Sunaye biyar ne, huɗu mata, namiji ɗaya, an kuma yi wa sunan namijin addu'ar da ake yi wa mamaci. Liman ya dube ni ya ce, "Ai Malam bai bar ɗa namiji ba. Ka je ka tambayi gwaggonka."

A daren nan na ɗauko hoton kakana, wanda aka ɗauka domin fasfon aikin Hajji. Na sha kallon hoton nan, amma ban taɓa lura ba: babu zanen Barebari a fuskarsa. Kuma na tuna ban taɓa jin wani a gidanmu yana wasan barkwanci da Fulani ba, alhali kowa ya san Babarbare da Bafillace ba sa haɗuwa su rabu ba su taɓa juna ba. Ashe shaidar tana rataye a bangon ɗakina shekara da shekaru.

Gwaggo ta doshi casa'in. Da yake sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Babana". Wannan alkunya, wadda ado ce a al'adarmu, ita ce babban shingen mai binciken asali. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗan farinta, ba ta faɗin na surukinta. Yaron da ya ci sunan kaka sai ya zama Abba ko Baba ko Maikano, yarinya ta zama Ummi ko Iya, har sunan yanka ya ɓace. Kwana biyu na yi ina rubuta "Malam" da "Mai gida" da "Tsoho" kafin in gane mutum uku ne dabam. Dole na nemo wata tsohuwar maƙwabciya wadda alkunyar ba ta hau kanta ba, ita ke furta sunan, Gwaggo ta gyaɗa kai.

Shekaru ma ba da lissafi take ba da su ba, da aukuwa take auna su. Ta ce tana famfarar haƙori aka yi yunwar 'Yar Gusau, wato wajen 1942. An kai ta ɗakin miji Sarki Alhaji yana da rai, shi kuwa Sarkin Kano Abdullahi Bayero a 1953 ya rasu. Mahaifinta ya gaya mata yana goye Nasara suka fasa Bebeji a hanyarsu ta zuwa Kano, ga 1903 ke nan, kuma yana kiwon awaki aka yi yunwar Kakalaba ta 1914. Da irin waɗannan turaku na ɗaure kowace haihuwa da kowane aure, sai ga jerin shekaru ya miƙe, kuskurensa bai wuce shekara biyu ko uku ba.

A dare na uku, bayan kowa ya kwanta, na ce, "Gwaggo, Malam bai bar ɗa namiji ba. To mu ta ina muka fito?" Ta yi shiru har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Babana, ka tono abin da aka binne. Amma gara ka ji a bakina."

Ga abin da ta gaya mini. Kakanta na wajen uba ɗan Maguzawa ne, ubansa shi ne Sarkin Noman wannan fadama. A zamanin da Ningawa suke kawo hari kudancin Kano suna kama mutane, wanda tarihi ya tabbatar ya addabi wannan yanki a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, mutanen gidajen gona sukan gudu su fake a garuruwa masu ganuwa. A irin wannan gudu ne saurayin ya sauka a zauren malamin nan Babarbare. Ƙura ta lafa, 'yan'uwansa suka koma gona, shi ya zauna. Ya musulunta a hannun Malam, ya yi karatu, Malam ya ba shi 'yarsa, da ya rasu kuma shi ya gaji zauren da almajiran. Mutane suka ci gaba da cewa "gidan Malam Babarbare", 'ya'ya suka taso suna jin haka, jikoki suka ɗauka jini ne. Babu wanda ya zauna ya ƙirƙiri ƙarya. Rabin gaskiya aka riƙa faɗa, ɗaya rabin aka bar shi ya nutse. Mu jikokin Malam ne ta wajen 'yarsa, amma tsatsonmu na maza daga fadamar nan ya tsiro.

Washegari na nemi dattijon nan a gidansu, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba, amma ban taɓa yin ta ba. Na ce, "Baba, na zo gaishe ka, na kuma zo tambaya." Ya ce, "Ɗana, mun daɗe muna jiran mai tambaya." Ya ɗauki sandarsa muka gangara fadama. Ya nuna mini wata tsohuwar tsamiya a kan ɗan tudu, ya ce nan ne kufan gidan farko. Ya nuna mini gonarmu da tasu, kafaɗa da kafaɗa, layin gamba ne kawai a tsakani, faɗinsu ɗaya kamar an auna da igiya. Ya ce da ɗan ya bar addinin gida, uban bai kore shi ba. Tun yana da rai ya raba fadamar biyu, ya ba wa rabi, ya ba ƙane rabi. Daga nan kowace kaka sukan aika wa gidan Malam damin dawa da ɗaurin rake, kowace Babbar Salla kuma gidan Malam ya aiko musu da nama. Ya lissafa mini kakanninsa bakwai ba tare da ya yi tuntuɓe ba, na huɗu a cikinsu shi ne inda muka haɗu. 'Ya'yansa a yau wasu Musulmi ne, wasu suna zuwa coci. Na tambaye shi yaushe aka daina aiken. Ya ce, "Ba a yi faɗa ba. Tsofaffi ne suka ƙare, yara kuma ba a gaya musu ba."

Da na dawo Kano na shaida wa yayana, bai yi murna ba. Ya ce, "Kai dai ba ka rabo da tone-tone. Me za ka ci da wannan? Muna da 'ya'ya mata a gabanmu, ka san halin mutane idan sun tashi binciken aure." Ban raina maganarsa ba, domin gaskiya ce. Har yau akwai gidajen da za su fasa neman aure saboda an ce kakan kakan yarinya Bamaguje ne, ko bawa ne, ko mahauci, ko wanzami, ko da kuwa gidan ya fi nasu karatu da tarbiyya. Wannan tsoro ne ya sa kowa yake wanke asalinsa ya shanya shi a Barno ko a Gabas. Sai da muka yi zama uku kafin ya yarda in rubuta wannan, bisa sharaɗin ba suna.

Abin da na ce masa shi zan maimaita a nan. Littafin Tarihin Kano, wanda muke tinƙaho da shi, da labarin Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala ya buɗe, kuma shi ya gaya mana cewa a zamanin Sarki Yaji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo da Musulunci fadar Kano. Wannan Yaji kuwa shi ne littafin ya ce ya kori Sarkin Rano daga Zamnagaba. Ke nan duk Bahaushen da ke salla a yau, akwai wani kakansa da ya fara, bambancin kawai wani ya riga wani. Muna alfahari cewa Rano tana cikin Hausa Bakwai, muna yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo, amma muna jin kunyar jinin mutanen da suka sare dajin, suka kafa garin. Addinin da muke gudun a ce kakanmu bai gada ba, shi ne ya hana mutum jingina kansa ga wanda ba ubansa ba, shi ne kuma ya yi umarni da sada zumunci ko da addini ya bambanta. Ni dai da na san kakan mahaifina saurayi ne da ya zaɓi hanyarsa da kansa, ubansa kuma dattijo ne da ya raba masa gona maimakon ya tsine masa, sai na ji girmansu ya ƙaru a idona.

Akwai wani abin lura kuma. Daga 2019, lokacin da aka ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, zuwa 2024 da aka rushe dokar aka maido da ita a daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya, an yi ta muhawara a kan tarihin sarauta, kowa yana jawo jerin sarakuna. Ban ji wanda ya tambayi tarihin manoman da suka ciyar da sarakunan ba. Alhali an taɓa nuna mana cewa abu ne mai yiwuwa. Wajen 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo, kuma har yau masana a duniya suna dogara da shi wajen sanin rayuwar karkarar Hausa kafin zuwan Turawa da bayansa. Kowane ƙauye a ƙasar Rano da Kibiya yana da irin wannan tsohuwa. Ina ma sassan Tarihi da na Hausa a Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantunmu za su riƙa tura kowane ɗalibi ya rubuto tarihin unguwarsu kafin a ba shi shaidar kammalawa.

Ga ɗalibai da sauran masu sha'awa, abin da na koya kaɗan ne. A fara da tsofaffin mata, su ne aure ya zagaya da su gidaje, su suka san wa ya haifi wa. Kada a tambayi shekara, a tambayi abin da ya faru a lokacin. A taka zuwa gona, domin iyaka da kufai da tsohuwar bishiya ba su iya alkunya ba. A roƙi liman ya buɗe gafaka, a ɗauki hoton kowane shafi. Wayar da ke aljihunmu ta isa ɗaukar murya, sai dai a nemi izini, kuma abin da aka ce amana ne a bar shi amana. Idan an rubuta, a raba wa dangi kwafi, kada a tara a adaka ɗaya gara ta yi biki. Sannan a shirya wa jin abin da ba a zata ba.

A yi sauri kuma. Na koma wurin Gwaggo bayan azumin bana da sauran tambayoyi, na tarar tunaninta ya fara barinta. Da ta ce mini "Babana", sai na fahimci ba alkunya take yi ba, mahaifin nata take gani, har tana tambayata ko an kai awaki fadama. Da na yi jinkirin shekara guda, da sai dai in ci gaba da zama Babarbare har kabarina.

Da Babbar Salla na yanke cinya guda na ba ɗana, na ce ya kai gidan dattijon nan da hannunsa, ya kuma zauna a gaya masa ko shi wane ne. Ya dawo da yamma, takalmansa duk laka, da saƙon cewa idan rake ya nuna za mu gani.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.